Kifin da Baban Markus Ya Jawo Daga Teku

Tun da munka dawo ban huta da tambaya ba. A coci, a kasuwa, har a wurin niƙa, sai an tare ni: "Maman Markus, da gaske kin ga teku? Da gaske a ƙasa kunka kwana?" Matan zumuntar cocinmu sun fi kowa. Na ba da labarin har muryata ta dishe, kowace kuma ta je ta ƙara nata gishiri, har na ji ana cewa wai kifi ya haɗiye mini tukunya. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta da hannuna. Karatuna bai yi nisa ba, amma abin da ya shiga kunnena ba ya fita.

Kun san ni ba ni da ƙafar yawo. Kafin wannan tafiya, Kontagora ce ƙarshen duniyata. Ba sha'awar ruwa ta fitar da ni daga Zuru ba, maigidana ne.

Waɗanda sunka san Baban Markus da ƙuruciya sun san shi ne ke jan layi a golmo, noman da samarinmu ke yi wa surukai kafin a ba su mata. Shi ke ba da waƙa, saura su amsa, garemani su sauka tare. A gonar babana na fara jin muryarsa, ina kai musu kunu. To, da 'yan bindiga sunka hana mu gonarmu ta wajen Wasagu, munka tattaro munka dawo cikin gari, sai mutumin nan ya zauna. Ba ciwo, ba rauni. Kujera kawai ya samu a gindin mangwaro, da rediyo a cinya wanda ko kunnawa ba ya yi. Tuwo loma biyu. Magana kuwa "to" da "a'a". Garmarsa na jingine a bayan ƙofa har ta yi tsatsa.

Ɗanmu Markus, wanda ya bar soja yana aiki a Legas, ya zo ya gan shi. Ya ja ni bayan ɗaki ya ce, "Mama, zan ɗauke ku ku sha iska a bakin teku, can ƙasar Benin. Amma in faɗa miki gaskiya tun yanzu. Idan Baba bai canza ba, ba zan maido ku ba. Ku zauna wurina, kusa da asibiti."

Na ce, "Mutumin da ya saba taka ƙasa za ka ɗora a bene?"

Ya ce, "Gara bene da wannan kujerar."

Ban iya musa masa ba. Da wannan maganar a cikina na ɗaure kaya: garin dawa, kuka, daddawa, muciya, da tukunyar ƙarfen da nake tuƙa tuwo a ciki tun Markus na goye.

Hanya ba sai na faɗa muku ba, kun san ramukan da ke tsakaninmu da Kontagora, kuma na gaba yayyensu ne. A Jebba munka hau wata doguwar gada, ruwa ta ko'ina. Na dafa kafaɗar Markus na ce, "To, mun gani, mun gode Allah. Sai mu juya." Dariya ta kusa sa shi ya saki sitiyari. Wai wannan Kwara ce kawai, ita kanta tekun take nema. A Ilori munka kwana gidan wani sojan da kakarsa 'yar unguwarmu ce. Ba barikin da za ka shiga a ƙasar nan ka rasa ɗan Zuru. Matarsa Bayarabiya, ta durƙusa mana har ƙasa, ta kawo baƙin tuwon doya da miya mai yauƙi. Na ci don kunyarta, sai ga ni ina neman ƙari. Baban Markus loma biyu, ya wanke hannu.

A Legas munka ɗauki surukata Rahila da jikata Ladi. Can na ga abin da ya tsinka mini zuciya. Rahila ta buɗe wani ɗaki don mu ajiye kaya, sai ga sabon gado, sabon labule, har da ƙugiyar rataye riga. Ashe an gama shirya mana zama. Na leƙa taga, ba itace ko ɗaya, sai rufin kwano da hayaƙi. Maigida ya zauna bakin gadon yana kallon tafin hannunsa. Ladi ta hau cinyarsa ta ce, "Mijina, ba ka kawo mini tsaraba ba? Zan sake ka fa." Da can da ya rama mata har ta yi kuka. Ranar kanta kawai ya shafa.

A kan iyaka anka sa munka buɗe bayan mota. Wani ma'aikaci mai magana da Faransanci ya kwance ƙullin daddawa, ya ja da baya kamar maciji ya gani. Wata 'yar kasuwa Bahaushiya da ke bayanmu a layi ta ce, "Baiwar Allah, tambaya yake, wai wane abu ne ya mutu a cikin ledar."

Na ce, "Ki ce masa ba abin da ya mutu. Shi ke tada miya."

Ta faɗa masa. Ya kira abokin aikinsa, wani dogo daga arewacin ƙasarsu. Wannan na sunsunawa sai ya rufe ido, ya ce ƙanshin ɗakin uwarsa ke nan. Sunka yi ta musu a junansu, mu kuwa anka buga mana hatimi munka wuce. Muciyar ma sai da sunka juya ta sama da ƙasa.

Kwatano gari ne na babura. Da na ɗauka mutanen Ribah sun ƙure hawan babur, sai na ga mace da dogon takalmi da jaka a kafaɗa tana tuƙa nata, goyo a baya. Munka wuce, munka yi yamma, har munka bar kwalta munka shiga rairayi tsakanin itatuwan kwakwa. Nan mota ta kafe. Markus ya fita, Rahila ta fita, ni ma na ɗaure zane na kama turi, wasu samari sunka fito daga ƙauye sunka taya mu. Baban Markus na zaune a gaba bai motsa ba. Mutumin da in motar wani ta kafe a hanyar Kanya shi ke fara tuɓe riga. Na ga Markus ya kalli Rahila, ita ma ta kalle shi. Na san abin da kallon ke cewa.

Wurin da munka sauka ba gida ba ne, ba otal ba. Fili ne na kwakwa, da rijiya, da bayi, da wata rumfar ciyawa. Kowa ya zo da tantinsa ya kafa. Mai gadin wurin, Malam Sumaila, mutumin Dosso ne, Hausa a bakinsa kamar ɗan Argungu. Shi ya zama kunnenmu da bakinmu. Na ga wasu Turawa kwance cikin rana ba riga, na tambaye shi ko masu jinya ne. Ya ce a'a, hutu suke yi, kuma biya suke yi don a bar su su kwana a ƙasa. Na ce, "Mu da anka koro daga ƙauye mun yi wannan hutun a filin makaranta, ba wanda ya ce mu biya." Ya yi dariya, sannan ya daina, ya ce, "Allah ya kawo sauƙi, Inna."

Teku kuwa, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ruwa ne da ba shi da tsallake. Abin da ya fi damuna ƙararsa. Kamar tirela ce ke tahowa kullum, ba ta isowa.

Da na tashi girki na aiki Ladi ta samo mini duwatsun murhu. Ta dawo hannu wofi. Na fita da kaina, na bi gabas na bi yamma. Jama'a, ƙasa guda ba dutse ko na jifan kaza. Mu da ke kwashe duwatsu daga gona muna tsine musu. Malam Sumaila ya haƙa ɗan rami a rairayi, ya jera ɗanyun kwakwa uku, ya ce ga murhun mutanen nan. Da ɓawon kwakwa na hura wuta, tuwo kuma ya tuƙu lafiya lau.

Ga gaskiyar maganar tukunya. Da munka gama ci da yamma, na kai ta bakin ruwa na cika ta don ƙanzo ya jiƙa, na girke ta nesa da inda ruwan ke tsayawa, kamar yadda nake yi a rafi. Na duba sama, ba hadari ko kaɗan. A wurinmu ruwa ba ya tasowa sai an yi ruwan sama a kan tudu. Da safe na je, ba tukunya, ba alamarta, wurin ma duk ya jiƙe. Na fara zargin samarin da sunka tura mana mota, Allah ya yafe mini. Malam Sumaila ya ce, "Inna, wannan ruwan da kansa yake hawa, da kansa yake sauka, ba ya jiran damina." Tukunyar da ta tsira daga 'yan bindiga, ga inda ta ƙare. Rahila ta ba ni tata ta gas, wata 'yar sakwat kamar kwanon sha.

Ina cikin wannan jimamin na ji waƙa. Kunnena ya riga idona. Murya ɗaya ta ba da, muryoyi da yawa sunka amsa, a tsakani kuma akwai wani nishi da anka yi tare. Ban san harshen ba, amma na san irin waƙar. Ba a yin ta sai ana aiki mai nauyi.

Mutanen ƙauyen ne ke jan taru. Tun da asuba kwalekwale ya kai shi can cikin teku, yanzu kuma ana jawo shi da wata igiya mai kaurin hannun yaro. Maza da mata sun yi dogon layi, kowa ya ɗaura ɗan ƙyalle a igiyar ya zagayo da shi ƙugunsa, suna ja da baya kaɗan kaɗan. Wanda ya kai ƙarshe sai ya kwance ya koma gaba bakin ruwa. Wani tsoho mai farin gemu, Kwasi, shi ke ba da waƙar. Malam Sumaila ya ce al'adarsu ita ce duk wanda ya sa hannu a igiya har taru ya fito, yana da rabo, ko daga ina ya zo.

Munka kai wa maigida kujera inuwar kwakwa. Ya daɗe yana kallo. Can sai na ji ya ce, "Mai jar hular nan ba ja yake yi ba. Igiyar ce ke riƙe da shi."

Na waiwaya a hankali, kada in firgita maganar. Rabon da in ji ya haɗa kalmomi haka, na manta. Na ce, "Wanne?"

"Ga shi can. Bakinsa ya fi kowa amsa waƙa, dubi ƙafarsa. Ko rairayi bai tona ba. A golmo irinsu muke sa wa a tsakiya." Sai ya miƙe ya fara cire riga.

Markus ya taso da sauri. "Baba, ina za ka? Likita ya ce jininka ya hau. Zauna, in hoto kake so sai in ɗauke ka kusa da su."

Ya ce, "Hoto?"

Markus ya juyo gare ni. "Mama, ki yi masa magana."

Gaskiya na ji tsoro. Tsoho ne, cikinsa ba komai, rana ta fara zafi. In ya faɗi a nan, a ƙasar da ko sunan asibiti ban iya faɗa ba, me zan ce wa danginsa? Amma na tuna sabon gadon nan da labule. Na kwance ɗankwalina na miƙa masa, na ce, "Ga abin ɗaurawa. Ka ga yadda suke yi."

Markus ya ce, "Mama, in wani abu ya faru fa?"

Na ce, "Wani abu ya riga ya faru, tun a gindin mangwaro."

Da farko sun ɗauke shi baƙo mai son wasa. Sunka yi masa murmushi, sunka ba shi wutsiyar igiya, inda ba nauyi, wurin da suke ba Turawa. Ya riƙe, ya ji sakwat, ya saki. Ya taka har gaba ya shiga bayan mai jar hula. Sai dai aikin garma gaba ake ci, mutum ya sunkuya ya sa ƙarfinsa a kafaɗa. Na taru kuwa baya ake yi, a miƙe, da ƙugu. Da anka amsa waƙa kowa ya kwanta baya, shi sai ya sunkuya gaba yadda jikinsa ya saba. Igiya ta fizge shi, ya kifa, fuskarsa cikin rairayi.

Layin duka ya fashe da dariya, mai jar hula ya fi kowa. Markus ya yunƙura zai ruga, na riƙe masa hannu. Maigida na durƙushe, gemunsa duk rairayi, yana kallon inda kujerarsa take. Na san in ya koma kan kujerar nan, ya koma ke nan.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Akwai kirarin da 'yan mata ke yi wa mai jan layi idan sun kawo kunu gona, da harshenmu, ana ce masa kunyar da yake hudawa ta kai ƙarshen gona tun saura na gyara ƙota. Rabona da kirarin tun ina budurwa. Na tsaya a bakin teku, kaina ba ɗankwali, na yi masa shi da ƙarfi, na rufe da guɗa. Ladi ta taya ni, ba ta ma san me ake cewa ba: "Tashi, mijina, kada ka ba ni kunya."

Ya tofar da rairayi, ya tashi. Tsoho Kwasi ya zo da kansa, ya gyara masa ɗaurin ɗankwalin, ya buga masa ƙugu, ya nuna masa diddige. Ba su da kalma ɗaya da sunka haɗa. Maigida ya gyaɗa kai. Amshi na gaba ya kwanta baya tare da kowa, diddigensa ya nutse. Kafin a jima na ji muryarsa cikin amshin, yana faɗin kalmomin mutane yadda kunnensa ya ba shi. Mai jar hula kuwa, da ya ji tsoho na huci a ƙeyarsa, dole ya fara tona rairayi.

Ni ma na san aikina. Na dama kunun dawa a 'yar tukunyar Rahila, na sake damawa, na bi layi da kofi. Matan sunka sha suna ɗaga mini gira. Markus ya gaji da tsayuwa da kwalbar ruwa a hannu, ya naɗe wando ya kama igiya bayan ubansa. Sai na ji uban ya ce masa, "Soja, da ƙugu ake yi."

Rana ta take tsaka kafin taru ya fito. Kifi na ta tsalle kamar an watsa sababbin kwanoni a rana, ga ƙaguwa, ga wasu halittun da ban tambayi sunansu ba don kada a ce in ci. Na leƙa ko tukunyata na ciki. Babu. Anka ware na mai kwalekwale da na mai taru, saura Kwasi ya kasa a rairayi, kashi kashi. Da ya zo kan maigida sai ya ɗora masa wani babban kifi a sama. Maigida ya kira Malam Sumaila ya ce, "Tambaye shi, wannan na mene ne?"

"Ya ce na baƙunta ne."

"Ce masa na gode. Ya ba ni daidai da na kowa. Ba baƙunta na yi ba, aiki na yi."

Da anka faɗa wa Kwasi, ya dube shi, ya ɗauke babban kifin, sannan ya kama hannunsa ya juya tafin. Duk ya yi ja, wani wuri ya saɓule. Ya buɗe nasa ya ajiye kusa da shi. Sunka tsaya haka, tsofaffi biyu, suna kallon hannuwan juna.

Ranar na yi miyar kuka da ɗanyen kifin teku da daddawar da ta tsallake iyaka. Maigida ya cinye malmalarsa, ya jawo ta Markus. Kowa ya kau da ido, kada ya lura. Da ya wanke hannu ya ce, "Markus, na ga ɗakin da kunka gyara. Allah ya yi albarka. Ku ajiye wa baƙi."

Markus ya ce, "Baba, gonar fa ba ta shiguwa har yanzu."

"Na sani. Tawa ce ba ta shiguwa. Yau taru na wa na ja?"

Markus ya kalle ni, na kalli wuta. Ya ce, "To, amma maganin hawan jini kullum." Uban ya ce ya ji.

Sauran kwanakin kullum yana kan igiya. Rabonsa matan ƙauyen sunka koya mini kyafe shi da ɓawon kwakwa. A dawowa ma'aikacin nan na kan iyaka bai ko buɗe kwalin kifin ba, daga nesa ya ɗaga mana hannu.

Masu tambaya me ya sa ba ku ganin Baban Markus a gindin mangwaro, ga amsa. Ya kai garmarsa maƙera. Duk inda ake gayya a gonakin da ke kusa da gari, yana can, ko an gayyace shi ko ba a gayyace shi ba, kuma an ce ya fara damun samari da waƙa. Sabuwar tukunya na saya, ba ta kai tsohuwar ba.

Ɗan busasshen kifin nan kuma da na bi gida gida na raba muku, wasu har sunka ce ya cika gishiri, ba a kasuwa anka saye shi ba. Mijina ne ya jawo shi daga teku.